Nisan Kano zuwa Abuja ta jirgin sama: Shin ana yin ƙasaru a tafiyar da ba ta wuce awa ɗaya ba?

Tambaya: Nakan tashi daga Kano zuwa Abuja ta jirgin sama, wani lokaci in dawo a ranar. Nawa ne nisan, kuma ya halatta in yi ƙasaru alhali ban sha wata wahala ba?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah.

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja akwai kimanin kilomita 365 a miƙe. Kamfanonin jirage sukan rubuta awa ɗaya ko kusa da haka a tikiti, amma zaman jirgin a sama bai cika kai haka ba, domin an haɗa da gangarawarsa kafin tashi da bayan sauka. Ta mota kuwa, in ka bi ta Zariya da Kaduna, hanyar ta haura kilomita 400. Lokacin hunturu ka ƙara wa lissafinka jinkiri, saboda hazo yakan hana jirage tashi da sauka a Kano.

Ka sani, ɗan'uwa, abin da jumhurun malamai suke dubawa shi ne nisa, ba awannin da ka yi ba, ba kuma gajiyar jikinka ba. A wurin Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya nisan ƙasaru baridi huɗu ne, wato mil 48, wanda malaman zamani suka ƙiyasta da kilomita 80 da 'yan kai. Imamu Malik ya ambata a Muwaɗɗa cewa Ibnu Abbas (Allah Ya yarda da shi) yakan yi ƙasaru a kwatankwacin nisan Makka zuwa Jidda ko Ɗa'ifa. Tafiyarka ta ninka wannan sau huɗu a zuwa kaɗai. Don haka kai matafiyi ne, ko da za ka kwana a gidanka a daren.

Inda mutane suka fi kuskure shi ne wurin farawa. Ba a fara ƙasaru sai an wuce gine-ginen gari, filin jirgin Kano kuwa gari ya riga ya kewaye shi. In Azahar ta same ka a ɗakin jira, raka'a huɗu za ka yi, ko da tikiti na hannunka. Haka nan in ka dawo: da saukarka ka shigo gari, sallar da lokacinta bai fita ba cika ta za ka yi.

A Abuja za ka ci gaba da raka'a biyu a Azahar da La'asar da Isha'i, matuƙar ba ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba. Sai dai in kana da matar da kuka tare a can, to a mazhabar Malikiyya shigarka garin ya yanke ƙasaru. In ka bi limami mazaunin gari ma, cikawa za ka yi tare da shi.

Abuja tana yamma da Kano kaɗan, don haka Azahar takan shiga can bayan ta Kano da kamar minti biyar. Ka yi aiki da lokacin garin da kake ciki.

Allah ne Mafi sani.