Yaƙin da Aka Fara Ci da Alli: Tarihin Cibiyar Dabarun Yaƙin Ruwa ta Libaful

In ana zancen Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffinmu ke kira Yaƙin Hitila, abin da ya fi zuwa zuciyar mai karatu shi ne igwa da tankoki da jiragen sama. Wannan maƙala kuwa za ta waiwayi wani ɗaki ne a birnin Libaful na ƙasar Ingila, inda kayan yaƙin ba su wuce alli da tamfol da ƙananan jirage na katako ba.

Ingila tsibiri ce, a lokacin yaƙin yawancin abincinta da man fetur ɗinta ta teku suke shigowa. Jiragen fatake sukan taso a ayari ayari, jiragen yaƙi suna yi musu rakiya, daga Amurka da Kanada, da kuma Firitawun ta Saliyo, inda ake tara jiragen da suka ɗauko kayan Afirka ta Yamma irin su gyaɗa da manja da kuza. Jamus ta lura cewa in ta datse wannan hanya, yunwa kaɗai ta isa ta durƙusar da Ingila. Don haka ta saki jiragenta na ƙarƙashin ruwa a Tekun Atalantika. A shekarar 1942 kaɗai, jiragen fatake fiye da 1,600 Ingila da ƙawayenta suka yi hasara.

A watan Janairu na 1942 aka kira Kyaftin Gilbert Roberts, wanda tarin fuka ya sa aka sallame shi daga aikin sojan ruwa tun 1938, aka umarce shi ya gano yadda Jamusawa ke yin wannan ɓarna, ya kuma koya wa hafsoshi maganinta. Aka ba shi bene na sama a gidan Derby House, hedkwatar rundunar da ke tsaron ayarin. Cibiyar da ya kafa ita ce Turawa ke taƙaita sunanta da WATU. Da yake maza suna bakin daga, yawancin mataimakan da aka ba shi 'yan mata ne na rundunar mata ta sojan ruwa, wasunsu ko shekara 20 ba su cika ba.

Ga yadda aikin yake. Aka zana layuka a daɓen ɗakin ya zama teku, aka jera jiragen katako a kai. Hafsan da ya zo koyo yakan tsaya bayan labulen tamfol yana leƙe ta 'yar kafa, don kada ya ga fiye da abin da zai iya gani daga kan jirginsa. Hanyar jiragensa da farin alli ake zana ta, ta abokan gaba kuwa da launin da ba ya ganuwa daga nesa. Minti biyu ake ba shi ya yanke shawara, 'yan matan su motsa jirage bisa lissafin gudu da nisa. In an gama a ɗage labule, kowa ya ga inda ya yi kuskure. Kamar dara ce, sai dai ɗayan ɗan wasan ba ya ganin 'ya'yan abokin karawarsa.

Abin da ya fara fitar da sunan cibiyar shi ne sake buga faɗan wani ayari da ya taso daga Jibiralta a Disamba 1941. Hafsoshi da yawa sun ɗauka maharan daga waje suke harbi, saboda haka in an harbi jirgi sai 'yan rakiya su bazu gefe suna nema. Roberts da wata mataimakiyarsa, Jean Laidlaw, suka tsaya kan tambaya ɗaya: yaya aka yi jirgin da ke tsakiyar ayari ya nutse? Da suka auna, sai lissafi ya nuna cewa maharin yakan lallaɓo ta baya da dare, a saman ruwa inda na'urar sauraron ƙarƙashin ruwa ba ta jin sa, ya shige cikin ayarin, ya yi harbi, sa'an nan ya nutse ya bari ayari ya wuce ta kansa. Ashe ɓarawo na cikin gida, ana nemansa a dawa. Daga nan suka tsara dabarar da 'yan rakiya za su haska sama da harsasai masu haske, su koma su share bayan ayari. Suka sa mata suna Raspberry, wanda a bakin Turawa wani sautin raini ne kamar tsaki, suka ce na Hitila ne.

Ba kowa ya karɓi abin da hannu biyu ba, don manyan hafsoshi suna ganin wasan yara ne. An ruwaito cewa Admiral Max Horton, wanda ya karɓi shugabancin rundunar a Nuwamba 1942, kuma shi kansa gwanin jirgin ƙarƙashin ruwa ne, ya shiga wasan a matsayin mahari. Sau biyar ana nutsar da shi, da aka ɗage labule sai ya tarar da wata yarinya, Janet Okell. Dabarar da ta kayar da shi ta shiga littafin umarnin runduna. Kafin a rufe cibiyar a 1945, hafsoshi kusan 5,000 ne suka yi kwas ɗinta na kwana shida.

A watan Mayu 1943 Jamus ta yi hasarar jiragen ƙarƙashin ruwa kimanin 40, har shugabansu Karl Dönitz ya janye su daga Arewacin Atalantika. Adalci shi ne a ce ba alli kaɗai ya kawo wannan nasara ba. Akwai na'urar rada, da jiragen sama masu cin dogon zango, da masu warware saƙonnin asiri na Jamus. Amma makami ba ya amfani sai a hannun wanda ya san inda zai nufa da shi, kuma wannan sani shi ne rabon WATU.

A yau kwamfuta ta gaji alli a cibiyoyin kwaikwayon yaƙi, wani sashe na gidan Derby House kuma ya zama gidan tarihi. Abin lura gare mu ɗalibai shi ne, waɗannan 'yan mata ba su taɓa ja-gorancin jirgi ba, amma sun tattara rahotanni, sun auna, sun ƙi yarda da abin da manya suka saba faɗa sai an gwada. Kuskuren da aka yi a daɓen ɗaki da tsumma ake goge shi, wanda aka yi a teku kuwa rayuka yake ci.