Lagireton Fijo 504: Na Tagulla Ko Mai Kan Roba?

Mai karatu, in ka ga tsohuwar Fijo 504 tana gudu a fim ɗin da ke nuna zamanin da, to wani ya sha wuya kafin ta tashi. A 1968 aka fara ƙera ta a Faransa, daga 1975 kuma kamfanin PAN ya shiga harhaɗa ta a Kaduna. Lokacin da masana'antun Bompai, Sharaɗa da Challawa ke tashe, ita ce motar manaja da babban akawu. Bayan shirin SAP na 1986 masana'antu suka yi ta rufewa, motocin suka koma haya a tasha, wasu kuma 'yan gwangwan suka daddatsa.

Yau mai son farfaɗo da ita, a lagireto yake cijewa. Na asalin tagulla ne. In ya huje, bakanike ya liƙe da dalma, shi ke nan. Na yanzu alminiyam ne mai kan roba. Ga araha kam, amma in zafin Afrilu ya tsaga robar, sai jefarwa. Ni dai gara in wuni a kasuwar Ƙofar Ruwa ina tonon tsohon, in kai a wanke min shi.