Dalilin da ya sa kwamfuta ke jera bungudu a bayan Zurmi

Duk wanda ya tara takardun kasafin kuɗin ƙananan hukumomi 14 na jihar Zamfara a kwamfuta mai tsarin Linux, sannan ya rubuta umarnin ls domin ganin sunayensu, yana iya cin karo da abin mamaki: Gusau.pdf da Tsafe.pdf da Zurmi.pdf a sama, bungudu.pdf kuma can ƙasa, kamar ya ɓata.

Dalilin yana cikin lambobi. A tsarin ASCII, wanda aka fara fitarwa a Amurka a 1963, kowane harafi yana da lambarsa. Manyan haruffa sun kama daga 65 zuwa 90, ƙanana kuwa daga 97 zuwa 122. Idan kwamfutar na kan saitin harshe da ake kira C, lambar kaɗai take dubawa. Babbar B tana da 66, G 71, T 84, Z 90, amma ƙaramar b tana da 98, shi ya sa ta koma baya.

Hausa tana da ƙarin matsala. Ɓ da Ɗ da Ƙ ba sa cikin ASCII, lambobinsu a Unicode sun zarce na dukkan haruffan Ingilishi. Saboda haka a wannan saitin Ƙaura Namoda da Ɗansadau sukan faɗa ƙarshen jeri, bayan ƙaramar z ma.

Umarnin locale yana nuna saitin da ake kai. Wanda ya rubuta ls | sort -f zai sami jerin da bai bambanta babban harafi da ƙarami ba, ko da yake wannan bai warware zancen haruffa masu lanƙwasa ba. Su sai an sauya LC_COLLATE zuwa saitin harshe irin ha_NG, in an girka shi.

Inda abin ke cutar da mai bincike shi ne wurin kwatanta jeri biyu. Umarnin comm da join suna bukatar a jera takardun biyu bisa ƙa'ida ɗaya. In an jera sunayen ayyukan da aka ware wa kuɗi a wata kwamfuta, na waɗanda aka biya kuma a wata mai saiti daban, aikin da ke cikin duka biyun yana iya fitowa kamar babu shi a ɗaya. Zargi ne mai nauyi da za a gina kan kuskuren harafi. Mafita ita ce sanya LC_ALL=C gaban sort ga takardun biyu, da gaban comm ɗin kansa.

A kula kuma: Linux na ɗaukar Tsafe.pdf da tsafe.pdf a matsayin fayil biyu, Windows kuwa a saitinsa na asali ɗaya yake ganinsu, don haka wurin kwafa ɗaya na iya danne ɗaya.