Fansho da tallafin gwamnati: Yadda zaman gida ke shafar cancantar tsoho

Kuɗin da ke isa hannun tsohon ma'aikaci daga gwamnati iri biyu ne, kuma ƙa'idarsu ba ɗaya ba ce. Fansho hakki ne da ke bin mutum bisa shekarun aikinsa da matakin albashinsa. Tallafin rage raɗaɗin talauci kuwa gida yake bi, shi ya sa inda tsoho ke zaune da waɗanda yake cin abinci tare da su ke iya ba shi dama ko su hana shi.

Ƙarin da bai duba zaman gida ba

Sashe na 173 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi a riƙa sake duba fanshon ma'aikatan tarayya duk shekara biyar, ko lokacin da aka ƙara albashi. Sashe na 210 ya yi irin wannan tanadi ga jihohi.

Bayan an mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a watan Yulin 2024, Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin Naira 32,000 a wata ga 'yan fanshon da hukumar PTAD ke biya. A Jihar Kano, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗaga mafi ƙarancin fansho daga Naira 5,000 zuwa Naira 20,000. Tsofaffin malaman firamare da ma'aikatan ƙananan hukumomi irin su Rano da Kibiya suna ƙarƙashin Hukumar Amintattun Asusun Fansho ta jihar, wadda ke aiki da dokar 2006.

A nan ba a tambayar ko tsoho na zaune shi kaɗai ne ko a gidan ɗansa. Abin da ake nema shi ne ya kasance cikin jerin masu karɓa, ya kuma halarci tantancewa idan an kira.

Tallafin da ke bin tukunya

Tsarin ba talakawa kuɗi kai tsaye ya fara a 2016 da Naira 5,000 a wata ga kowane gida. A yarjejeniyar da gwamnati ta ƙulla da ƙungiyoyin ƙwadago a watan Oktoban 2023, bayan cire tallafin mai, ta yi alƙawarin biyan gidaje miliyan 15 Naira 25,000 a wata na tsawon wata uku, ciki har da 'yan fansho masu rauni.

Ana zaɓo gidajen ne daga Rijistar Talakawa ta Ƙasa, wadda ofishin NASSCO ke kula da ita. Mutanen gari ne ke fara bayyana abin da suke kira talauci, su kuma fitar da gidajen da suka fi shiga matsi. Daga nan ma'aikata su zo su ɗauki bayanai: yawan mutanen gida, irin rufi da daɓe, ruwan sha, makewayi, da kadarori. Da waɗannan ake auna ƙarfin gidan.

A irin wannan ƙidaya, gida na nufin mutanen da ke zaune wuri guda suna ci daga tukunya ɗaya. Ba katanga ko zaure ake ƙirgawa ba.

Misali daga Dawaki

A ɗauki tsohon malamin firamare a Dawaki wanda ke karɓar mafi ƙarancin fansho. Idan shi da matarsa da jikoki marayu ke girkinsu a sashensu, gida ne mai zaman kansa, kuma da halin da suke ciki za a auna su.

Idan kuwa yana cikin gandu, ana noma tare ana ɗiba daga rumbu ɗaya, to shi da 'ya'yansa da iyalansu gida ɗaya ne. Babur ɗin ɗansa da rufin kwano da shanun huɗa duk za su shiga lissafi, ko da shi kansa bai iya sayen maganin hawan jini ba. Ko gidan ya cancanta, kaso ɗaya zai samu, kuma yawanci matar da ke kula da gidan ake rubutawa a matsayin mai karɓa.

Gwauruwar da ta koma gidan ɗan'uwanta ma haka abin yake: sunanta kan shige cikin na gidan da ya karɓe ta.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Birtaniya, ana haɗa kuɗin shigar miji da mata kafin a cika wa ɗan fansho abin da ya gaza. A Amurka, ana iya rage kashi ɗaya bisa uku na tallafin tsohon da ke zaune a gidan wani ana ciyar da shi. Bambancin shi ne can doka ce ta ba tsoho hakkin nema, a Najeriya kuwa sai an sanya gida a rijista.

Abin lura

Ba a biyan ko sisi don shiga rijistar. Duk wanda ya nemi kuɗin fom, ɗan damfara ne. Ana bukatar lambar NIN da asusun banki ko na waya mai sunan mai karɓa. Idan masu ɗaukar bayanai sun zo, a faɗa musu gaskiyar yawan tukwanen da ake ɗorawa a gidan, domin haɗa iyalai uku a matsayin gida ɗaya na iya ɓatar da kason biyu daga cikinsu. Shiga rijista kuma ba tabbacin samun kuɗi ba ne, sai shirin da ake rabawa ya zaɓo gidan.