Tarihin Ƙarar Gayya a Ingila da Amurka

Ƙarar gayya ita ce wadda mutum ɗaya ko 'yan ƙalilan ke shigarwa a madadin ɗimbin jama'ar da aka yi wa cuta iri ɗaya. Tushenta Ingila ne. Tun wajen shekarar 1200 kotunan ƙasar suka riƙa sauraron ƙauye guda ko ƙungiyar masu sana'a ta bakin wakilai, galibi kan makiyaya ko kason da coci ke karɓa.

A Amurka al'adar ta bunƙasa. Alƙali Joseph Story ya amince da ita a 1820, sannan a 1938 aka tanade ta a Doka ta 23 ta ƙa'idojin kotunan tarayya. Shari'ar Brown ta 1954, wadda ta haramta raba makarantun baƙaƙe da na farare, irin wannan ƙara ce.

Gyaran da aka yi wa wannan doka a 1966 ne ya sauya komai. A da, mai neman diyya sai ya shigar da sunansa da kansa. Daga lokacin, duk wanda abin ya shafa yana ciki, sai fa in ya rubuta cewa a cire shi. Wannan ya ba talaka ƙarfi, domin wanda banki ya zaftare wa dala goma ba zai ɗauki lauya ba, amma in su miliyan ne, dole a saurare su.

Kafin shari'a ta yi nisa, alƙali kan tabbatar mutanen suna da yawa, kukansu ɗaya, wakilansu kuma amintattu ne. Akasari da sulhu ake ƙarewa, shi ma sai alƙali ya sa hannu. A 1984 kamfanoni bakwai masu haɗa gubar Agent Orange suka amince su biya tsoffin sojojin yaƙin Biyetnam dala miliyan 180. A 2022 kamfanin Facebook ya yarda ya biya dala miliyan 725 kan bayanan masu amfani da shi.

Wajen rabo ake kuka. Ana aika sanarwa, mutum ya cike fom kafin wa'adi, wani lokaci da rasit. Lauyoyi kan kwashi wajen kashi ɗaya bisa huɗu. Wanda ya yi shiru yakan tashi a tutar babu, kuma ya rasa damar kai ƙara shi kaɗai. Ƙorafi kan wannan rabon na cikin dalilan wata doka ta 2005, wadda ta buɗe ƙofar kotunan tarayya ga ƙararrakin da suka haura dala miliyan biyar.