Itacen gini da faɗin ɗaki a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji

A cikin wannan takarda muna son mu nuna cewa faɗin ɗakin ƙasa a gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi, ya danganta tun dā ga irin itacen da magini ke iya samu, samuwar itacen kuma ta danganta ga dokar daji. Gazawa tana cikin Agye har shekarar 2011, saboda haka tarihin biyun ɗaya ne a nan.

Za mu fara da aikin da itace ke yi a cikin gini. Ƙasa tana jure danni, amma ba ta jure ja, shi ya sa take isa bango, ba ta isa rufi. Duk sandar da aka gitta bisa bango biyu aka ɗora mata nauyi, samanta yana matsewa, ƙasanta yana miƙewa, kuma itace yana jure duka biyun muddin nauyin ya bi tsawon zarensa. Sai dai tazara ita ce matsala. Idan aka ninka tazarar da ke tsakanin bango biyu, sanda iri ɗaya da rufi iri ɗaya, lanƙwasar sandar takan ƙaru sau 16. Idan kuwa aka ninka kaurinta daga sama zuwa ƙasa, taurinta yakan ƙaru sau 8. Magina ba su rubuta wannan lissafi ba, amma sun yi aiki da shi: azara ɗaya ba a cika sake ta fiye da wajen mita 2 ba ƙarƙashin rufin ƙasa. Mai son soro mafi faɗi sai ya gicciya azara a kusurwoyi, ko ya kafa ginshiƙi, ko ya ɗaure baka, wato azara bisa azara cikin ƙasa, irin wanda ya kai matuƙa a masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Ba kowane itace ke wannan aiki ba. Azara daga giginya ake tsaga ta, kuma ƙarfinta yana cikin baƙin zaren da ke gefen kututture, cibiyar kuwa taushi gare ta. Gara ba ta cika cin ta ba. Ƙirya, saboda nauyinta da jurewar danshi, ita ce ta dirka da ƙafafun rumbu. Geza da sabara suna lanƙwasuwa ba su karye ba, sun dace da tanka da tsaiko. A kwarin Gulbin Kaba goruba ce ta yi yawa, ita ma ana rufi da kututturenta, amma yawan yankar kaba domin tabarma da igiya yakan hana ƙananan su yi kututture.

Dokar daji ta Faransa ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi duk yankin Afirka ta Yamma da ke hannunta, ta sa daji da wasu itatuwa ƙarƙashin tsaron hukuma. Dokar Nijar ta 4 ga Maris 1974 ta bi wannan sawu. A ganinmu nan ne kuskuren yake: manomin da za a ci tara idan ya sare itacen da ke cikin gonarsa ba shi da dalilin barin toho ya girma. Ga noman gyaɗa ya cinye saura, ga farin 1973 da na 1984, sai manyan itatuwa suka ƙare kusa da garuruwa.

Juyin ya fara ne a shekarun 1980. A 1983 Tony Rinaudo na mishan SIM ya fara koyar da barin tohon kututture a gonakin Maraɗi, abin da manoma suka sa wa suna sassaben zamani. A watan Mayu 1984 aka yi babban taron ƙasa kan hamada a Maraɗi. Dokar 1992 ta buɗe kasuwannin itace na ƙauye, irin na dajin Baban Rafi, sannan dokar 8 ga Yuni 2004 ta maye gurbin ta 1974. Ɗan Saga, a gundumar Agye, ya yi suna da kwamitocin tsaron itatuwansa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne irin itacen da ya dawo. Sabara da kalgo da gawo suka fi yawa. Sabara da kalgo suna ba da sanduna da makamashi cikin shekaru kaɗan, sun wadatar da rumbu da darni da rumfa; gawo na gyara gona, amma itacensa sakayau ne, ƙwari na cin sa. Giginya da ƙirya kuwa sai sun yi shekaru goma-goma kafin su isa sara. Saboda haka mai gina soro a Agye ko Gidan Rumji yakan koma ga dogon yaro, ko ya sayi azarar da aka kawo daga nesa, kamar ta Dallol Mawri a ƙasar Gaya, ko ya bar rufin ƙasa gaba ɗaya ya ɗora kwano bisa katako ko ƙarfe.