Zaman Ibada a Kwanakin Annoba

'Yan'uwa cikin Kristi, mu tuna da ikkilisiyar Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau. A shekara ta 250 Desiyus, Sarkin Roma, ya tsananta wa masu bi. Ba a daɗe ba annoba ta auka wa birnin, har mutane suna yar da majinyatansu a bakin hanya. Sai Bishop Sifiriyan ya tara jama'arsa, ya gargaɗe su su yi jinyar kowa, har da masu tsananta musu, bisa ga koyarwar Matiyu 5:44. Suka kuwa yi. A shekara ta 258 aka fille masa kai saboda bangaskiyarsa.

Mu fa, wane maƙwabci muka ƙi dubawa saboda tsohuwar husuma? Ubangiji ya taimake mu. Amin.